Da gaske babu kamar Sao Paulo ga masu neman jinsi ɗaya?

Nura: Jama'a, jiya aka ce na cika baki, to bari in maimaita a gaban kowa. Duk Kudancin Amurka babu birnin da mai neman jinsinsa zai je yawon buɗe ido ya sake kamar Sao Paulo. Tun 1997 suke gangaminsu a titin Paulista, sun fara da mutum wajen 2,000, zuwa 2006 kundin Guinness ya sa shi a matsayin mafi girma a duniya da mutum miliyan 2.5. Ana ɗaura auren jinsi a duk Birazil tun 2013. A 2019 kotun ƙoli ta ce a hukunta wanda ya ci zarafinsu da dokar da ake hukunta mai wariyar launin fata. Mai ja ya fito.

Hajiya Balaraba: Kai Nura, da sassafe? Ni dai addinina bai yarda da wannan ba, kuma sarin takalma ke kai ni Brás, unguwar 'yan kasuwa ta Sao Paulo.

Malam Sabo: Hajiya, ba fatawa yaron ya nema ba, kowa ya san matsayinsa a nan. Maganar gari ya yi, a amsa masa da abin da ke garin. Habu, kai ke tuƙi a can da dare.

Habu: Malam, rabin maganarsa haka take. Daren Asabar ka bi titin Frei Caneca ko Augusta wajen ƙarfe ɗaya, mota ba ta gudu. Mutane cike da bakin titi, kowa da kofinsa a hannu, maza biyu riƙe da hannun juna suna jiran masarar da ake dafawa a kan amalanke, mai masarar ko kallo ba su ishe shi ba, canjinsa yake ƙirgawa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yawanci yana rufewa wajen sha biyun dare, sai biyar saura ake buɗewa, shi ya sa da yawa suke zama a gidan rawa har asuba. Kasuwarmu ke nan. Amma ka gangara Largo do Arouche, tsohuwar matattararsu, abin ya ɗan sauya. Tsofaffi ne da marasa ƙarfi suka fi yawa, kuma tafiya kaɗan ce zuwa unguwar da 'yan ƙwaya suka daɗe suna taruwa. Fasinja ya fito da waya a nan, ce masa nake ya mayar aljihu.

Nura: Yaya Habu, ƙwacen waya ai bai san jinsi ba. Ni ma za a ƙwace tawa.

Zainab: Ƙwacen waya kam haka ne, amma fitila fa? A Nuwamba 2010, a kan Paulista ɗin da kake yabo, wasu samari suka fasa wa wani matashi doguwar fitilar lantarki a fuska don sun ɗauka ɗan luwaɗi ne. Kyamarar tsaro ta ɗauka, duk ƙasar ta gani. Kuma ƙungiyar Transgender Europe, da ke ƙirga kisan masu sauya jinsi a duniya, shekara da shekaru Birazil take sakawa a kan gaba. Ƙungiyar ANTRA ta cikin gida tana fitar da rahoto duk shekara, akasarin waɗanda ake kashewa baƙaƙe ne, talakawa, da yawa a titi suke neman abinci. Ka ce min wannan mafaka ce?

Nura: Birazil na da mutum fiye da miliyan 200, dole adadinta ya yi yawa. Kuma su suna ƙirgawa. Ƙasashen da ba a ƙirgawa fa? Namu na gida Najeriya tun 2014 ɗaurin shekara 14 ne kan auren jinsi, wa zai je ofishin 'yan sanda ya ce an doke shi? Sannan a wannan garin ne Erika Hilton, mai sauya jinsi kuma baƙar fata, ta ci kansila a 2020, ta wuce majalisar tarayya a 2022.

Zainab: Ta ci, kuma sai da ta kai ƙara kan masu yi mata barazana. Duka biyun a gari ɗaya suke faruwa. Matsalata da kai ita ce kalmar "ya sake". Wa zai sake? Bature mai dala da ya sauka a otal a Jardins, unguwar masu kuɗi, ya hau mota daga ƙofa zuwa ƙofa, e, zai sha shagalinsa ya koma gida yana yabo. Yarinyar da aka kora daga gida a bayan gari, wadda sai ta yi awa biyu a bas kafin ta ga Paulista, ba garin nan take ciki ba.

Malam Sabo: Ni miliyoyin nan ne ban gamsu da su ba. Paulista ko kilomita 3 ba ta cika ba. A 2012 cibiyar bincike ta Datafolha ta auna taron da kanta, ta samu mutum 270,000, alhali masu shiryawa na maganar miliyoyi. Taro ne babba, babu musu, amma kowa na ƙara wa miyarsa gishiri. Kuma in dokar ce ma'auni, Ajantina ta riga su: auren jinsi a 2010, dokar sauya jinsi a takardu a 2012. A Buenos Aires, babban birninta, har wuraren rawar tango ake da su inda ba a tambayar wa zai ja wa.

Nura: Malam, Buenos Aires ta fi tsari, na yarda, amma ba ta kai girma ba. Jihar Sao Paulo na da dokar cin tarar shago ko otal ɗin da ya nuna musu bambanci tun 2001. A 2003 da wani mai gadi ya tsawata wa maza biyu a kantin Frei Caneca, ɗaruruwa suka cika kantin don nuna rashin yarda. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta República har gidan tarihinsu akwai.

Habu: Ku ƙara da wannan. A makon gangamin ne galibi, ranar Alhamis, Kiristoci 'yan bishara ke nasu tattakin na Yesu, su ma da manyan motocin lasifika, su ma titi ya cika maƙil. Alhamis in ɗauki waɗannan, Lahadi in ɗauki waɗancan. Kuma a 2019 shugaban ƙasa Bolsonaro da bakinsa ya ce bai son Birazil ta zama wurin yawon buɗe idon 'yan luwaɗi. Masu ra'ayinsa ba su bar garin ba.

Zainab: To ka ji, Nura. Ka ce unguwa huɗu ko biyar, in sa hannu. Birni gaba ɗaya, a'a.

Nura: Anti Zainab, baƙo na ce, kuma baƙo unguwannin nan yake zuwa. Ina nan kan bakana.

Hajiya Balaraba: Ku dai ƙarata. Habu, wane mako ne abin nan? Kada in yanki tikiti in tarar da otal ya ninka kuɗi.

Habu: Lahadin da ke bin hutun Kiristoci na Corpus Christi, Hajiya, yawanci ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Ki zo bayansa da mako guda, zan ɗauko ki a filin jirgin sama na Guarulhos.