Sunan jami'a ko asibitin firaktikal: wanne ya fi a karatun radiyogirafi a Birtaniya?

Ummita: Salam jama'a, don Allah ku bar ni in amayar da abin da ke cina don wallahi ya ishe ni. Na nemi radiyogirafi, wato karatun aiki da na'urorin ekis-re da makamantansu a asibiti, ɓangaren gano cuta, ta UCAS, hanyar neman gurbin jami'a a Birtaniya, gurbi biyar ɗin nan duk na cike, biyu sun ƙi ni, ɗaya kuma wai ba sa ɗaukar ɗaliban waje a kwas ɗin kwata-kwata, abin da da ejan ɗina ya duba tun farko da ban yi asarar gurbi ba. Yanzu ofa biyu ce a hannuna. Ɗaya mai suna ce cikin Russell Group, rukunin manyan jami'o'in bincike na Birtaniya, ɗayar tsohuwar poli ce da ta zama jami'a a 1992, kuɗinta ya fi sauƙi kuma sun faɗa min asibitocin da zan yi firaktikal. Ejan ya kafe sai mai suna, kawuna ma ya bi bayansa wai in dai za a zuba kuɗi haka a kan ɗaukar hoto gara a zuba inda suna yake. Ni kuma na ce a wannan kwas ɗin suna ba ya ƙara wa mutum komai tunda hukumar HCPC ɗaya ce ke yi wa duk masu wannan aikin rajista. Ƙarya na yi?

Sadiq: Tsaya tukuna ƙanwata, ɗaukar hoto ya ce? Kalmar nan tana ƙona min rai. Shekara uku mutum yana fama da ilimin sassan jiki da fiziks da lissafin yawan hasken da zai ratsa jikin ɗan adam, ya fito yana dutin dare ana kawo masa wanda mota ta buge ba ya ko iya juyawa, shi zai san yadda zai kwantar da shi ya samo abin da ake nema ba tare da ya ƙara masa rauni ba, sannan a ce ɗaukar hoto?

Nura: Haba Yaya Sadiq ai Hausa ce. In an tura ka ekis-re me ake cewa, ba je ka yi hoto ba? To wanda ya yi hoton me sunansa?

Sadiq: Sunansa radiyogirafa, kuma a Birtaniya suna ne da doka ta kare, in ka kira kanka da shi ba ka cikin rajistar HCPC laifi ne, kotu za a iya kai ka. Mai kyamara a wajen biki akwai dokar da ta kare sunansa?

Anti Hauwa: Gaskiyar Sadiq ne. Ni nas ce, ina ganin yadda suke aiki, na'urar MRI mai duba cikin jiki da maganaɗisu kaɗai ta isa, maganaɗisun nan ba a kashe shi, wanda ya shiga da ƙarfe a jikinsa ko silindar oksijin da ba ta dace ba ai sai dai Allah ya kyauta, kuma su ne masu tsaron ƙofar. Likitoci ne a ɓangarensu.

Dakta Aminu: Anti Hauwa da girmanki amma a nan kin wuce gona da iri. Ba likitoci ba ne. Likitan ɓangaren shi ne radiyolojis, ya yi makarantar likitanci, ya yi shekara biyu ta horon farko, sannan wasu biyar yana ƙwarewa, rajistarsa ma a GMC take, hukumar rajistar likitoci. Irin wannan maganar ce ke ruɗa yara su shiga kwas da zaton wani abu daban.

Anti Hauwa: Dama na san za ka fito Dakta, da an taɓa kalmar likita sai ku taso. Ni ban ce su rubuta Dr a gaban sunansu ba.

Sadiq: Ni ban taɓa kiran kaina likita ba kuma ba na buƙata. Amma Dakta faɗi gaskiya duka, a NHS, wato asibitocin gwamnatin Birtaniya, akwai radiyogirafa masu rubuta rahoton hoto da kansu bayan ƙarin karatu, karayar da yawa da kake karanta rahotonta ba likita ne ya rubuta ba.

Dakta Aminu: Na sani, a iya abin da aka horar da su a kai. Wannan bai mai da su likitoci ba.

Ummita: Don Allah yayyena ni fa jami'a nake tambaya.

Malam Bashir: Ummita bar su, ni zan ba ki amsa. Ki bi kawunki. Jami'a 24 ce kacal a Russell Group, cikinsu Leeds da Liverpool da Cardiff da Exeter duk suna wannan kwas ɗin, in kin samu irinsu ba a jayayya. Ni a irinsu na yi digiri na biyu kuma na ga ƙofofin da takardar ta buɗe min. Yau kina son aikin asibiti, gobe fa in kika so bincike ko koyarwa ko kika bar Birtaniya zuwa ƙasar da suna kawai suke dubawa?

Nura: Malam injiniya fa ka karanta, ina ruwan biri da gada.

Malam Bashir: Jami'a jami'a ce Nura, ka iya bakinka.

Sadiq: Malam ai tarihin kwas ɗin ma bai goyi bayanka ba. Da can a makarantun asibiti ake koyar da shi ana ba da difloma, sai wajen farkon shekarun 1990 ya koma digiri, shi ya sa irin su Sheffield Hallam da Derby da Hertfordshire da Salford suka daɗe a cikinsa. Kowa ya gama a matakin albashin NHS na Band 5 zai fara, albashi ɗaya. Ni a intabiyun aikina abin da aka tsare ni a kai shi ne me na yi a firaktikal.

Malam Bashir: Ka ga kuskurenka nan, Salford ba ta cikin 'yan 1992, tun 1967 take jami'a. Wanda bai san wannan ba shi zai ba yarinya shawara?

Sadiq: Ina na ce 'yar 1992 ce? Koma ka karanta, cewa na yi ta daɗe a kwas ɗin.

Malam Bashir: Ka jera ta da su ai.

Zainab: Ku yi haƙuri in sa baki, ina shekara ta biyu a kwas ɗin nan yanzu. Ummita 'yar uwa abin da ba wanda ya gaya min kafin in zo shi ne kusan rabin karatun a asibiti ake yinsa, kuma asibitin ba lallai ya kasance a garin da jami'ar take ba. Ni an tura ni inda sai na hau jirgin ƙasa sannan bas, ina fita da duhu in dawo da duhu a lokacin sanyi. 'Yan ƙasa a Ingila suna da tallafin fam 5,000 a shekara daga NHS har kuɗin zirga-zirgar firaktikal ana biyansu, mu 'yan waje ko sisi, daga aljihunki, ga fam 776 na lafiya kowace shekara da ake biya tare da biza, kuma awa 20 ɗin da aka yarda ki yi aiki a mako in kina firaktikal jikinki ma ba zai ɗauka ba. Ki rubuta wa dukkansu ki ce su faɗa miki a rubuce wane asibiti, nisan nawa, wuri ɗaya za ki zauna ko yawo za a riƙa yi da ke. Ki shiga jerin kwasa-kwasan da HCPC ta amince da su da kanki ki ga kwas ɗin yana ciki, kada ki bar wa ejan.

Nura: Shi ya sa nake ganin gara ta duba Sukotland, Glasgow Caledonian ko Robert Gordon.

Zainab: Can shekara huɗu ce fa, kuɗin shekara guda ƙari, kuma ta riga ta cike gurbinta biyar.

Nura: Shekara huɗun ai ita ce karatu, uku gaggawa ce.

Sadiq: To mu da muka yi uku ba mu iya aikin ba ke nan? Da ma kai ne ka fara da ɗaukar hoto.

Nura: Kawunta ne ya fara ba ni ba, kuma har gobe in ka je asibiti hoto za ka ji ana cewa.

Dakta Aminu: Hoto dai ya fi likita kusa da gaskiya.

Anti Hauwa: Allah ya shirye ka Dakta.

Malam Bashir: To ya isa haka, dare ya yi, bari in tattara. Abin da aka cimma: na ɗaya, an yarda radiyogirafa ba likita ba ne kamar yadda Dakta ya bayyana. Na biyu, ba wanda ya kawo hujjar cewa jami'a mai suna tana cutar da mutum, don haka maganar kawun Ummita tana nan daram, babba ba ya faɗin abu a banza. Na uku, wahalar mota da Zainab ta kawo kowace jami'a akwai ta, haƙuri ake yi. Ummita ki karɓi ta Russell Group, Allah ya sa albarka.

Zainab: Malam ban ce kowace jami'a ba. Ɗaya ta faɗa mata asibitocinta, ɗayar har yanzu ba ta faɗa ba.

Sadiq: Kuma ba ka sa maganar ɗaukar hoto a ciki ba, a janye ta tukuna.