Direban virtio ɗina yana daskarewa tunda na raba aikin katsewa gida biyu

Ɗan_Kanel: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin direban virtio (tsarin da Linux ke magana da na'urorin kwaikwayo) a Linux, a QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, nake gwada shi. A da duk aikin a cikin kiran katsewa (interrupt, siginar da na'ura ke ƙwanƙwasa wa CPU) nake yi: ciro bafa (buffer, mazubin bayanai), kwafe bayanai, tashin mai jira. Da na ga ya yi nauyi sai na mayar da shi workqueue, inda kanel ke yin aiki daga baya, kiran yanzu virtqueue_disable_cb() kawai yake yi ya miƙa aikin. In lodi kaɗan ne lafiya lau. Ina danna masa kaya sai ya tsaya cik, ƙidayar /proc/interrupts ta daina motsi, alhali ga bafa zaune a virtqueue, wato layin da direba da na'ura ke musayar bafa. Ina gizo ke saƙa?

Tsohon_Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton kana kiran virtqueue_enable_cb() ka fice ba ka duba amsarsa ba. Tsakanin lokacin da virtqueue_get_buf() ya ba ka NULL da lokacin da ka sake buɗe kiran, na'urar tana iya ajiye bafa, ta ga ka ce kada a dame ka, ta ja bakinta. Shi ke nan, babu mai sake ƙwanƙwasa maka. Don haka ne virtqueue_enable_cb() yake dawo da false idan da saura, kai kuma sai ka rufe ka koma kwasa. Buɗe virtblk_done() a drivers/block/virtio_blk.c, zagayen yana nan. Kuma rufewar nan roƙo ce kawai, kira zai iya shigowa duk da haka.

Hajiyar_Koda: Gaskiyar Malam. Ƙari na shi ne kulle: virtqueue ba ya tsare kansa, yanzu kuwa mai zuba bafa da mai kwasa suna iya haɗuwa a CPU biyu. Kunna CONFIG_PROVE_LOCKING, zaɓin kanel mai duba kuskuren amfani da kulle. Ka kuma gwada da vectors=0 a QEMU, don MSI-X (sabuwar hanyar aika katsewa) ya kau ka faɗa INTx, tsohuwar hanya, inda ake tarayya a layin katsewa. Wajen cire direba, virtio_reset_device() tukuna, sannan cancel_work_sync(), del_vqs() a ƙarshe, in ba haka ba aikin zai taɓa virtqueue ɗin da aka riga aka rushe.

Ɗan_Kanel: Na gode. Na sa zagayen, ya daina tsayawa, amma jinkiri ya ɗan ƙaru. In koma tasklet, tsohuwar hanyar ɗage aikin katsewa?

Tsohon_Hannu: A'a, ana ƙoƙarin rabuwa da tasklet ne. Idan kanel ɗinka 6.9 ne ko sama, gwada WQ_BH, nau'in workqueue da aka yi don maye gurbin tasklet, sai dai a can ba a barci (tsayawa jira), don haka ba mutex, ba GFP_KERNEL, tunda dukansu suna iya sa barci.