Fentin hana ƙazanta a daffa da farfela, a shafa ko a bari?

Jama'a ga abin da na tsinta daga muhawarar da 'yan uwa masu jiragen ruwa a Bor Sudan, garin tashar jiragen ruwan ƙasar Sudan, suka yi. Kan daffa, wato allon nan na juya jirgi, ba a ja ba, kowa ya ce a shafa mata fentin da ake shafa wa ƙasan jirgin, don ruwan Bahar Maliya akwai ɗumi, gansakuka da ƙananan katantanwa masu mannewa ba sa ɗaukar lokaci sun lulluɓe ta.

Farfela ce ta raba kawuna. Wasu sun ce asarar kuɗi ne, tana juyawa fentin ya ɓare tun daga bakin fukafukan, gara mutum ya riƙa nitsewa yana kankare ta. Wasu kuma suka ce in jirgi yana daɗewa a ɗaure dole a shafa, amma a goge ƙarfen da sanfefa sai ya yi ƙyalli, a sa fentin shimfiɗa tukunna, ko a nemi mai santsin nan irin Propspeed duk da yana da tsada. Ni dai ina bayan waɗannan, farfela mai katantanwa dizil kawai take sha jirgi ba gudu, ga jijjiga.

Abin da dattawa suka fi ja mana kunne a kai, kar a sa fenti mai jan ƙarfe kan alminiyam, cinye shi yake. Kuma ɗan zinkin nan da ake ɗaurewa don ya tare cin ƙarfe, don Allah a bar shi tsirara, in fenti ya rufe shi ya daina aiki.