Nau'in B aka samu a jinin maigidana, me hakan ke nufi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a sakaya sunana. Shekararmu shida a Ingila da maigidana, yaranmu biyu. Wata uku da suka wuce ya kwanta asibiti, gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar HIV. Ni an gwada ni sau biyu babu komai, yaran ma lafiya lau, alhamdulillah. Abin da ya hana ni barci takardar gwajin da aka yi masa ce kafin a ɗora shi kan magani, an rubuta ƙwayarsa nau'in B ce. Wata ƙawata ta ce wai wannan nau'in na maza masu neman maza ne, ba shi ake samu a gida ba. Shi kuwa ya rantse mini wata mace ce a nan garin, ya nemi gafara. Takardar nan ta ƙaryata shi ke nan? Kuma B ɗin ya fi sauran muni? Na ji an ce wani mai zafi ya ɓulla a Holan.

Maman Tagwaye:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ki juriya 'yar'uwa. Ni dai in babu rami, me ya kawo maganar rami? Ki titsiye shi ya faɗa miki gaskiya.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Maman Tagwaye, a yi hattara, aure ne ake magana. Hajiya, takardar ba ta ƙaryata shi ba, ba ta kuma gaskata shi ba. Ƙawarki ta ji ƙarshen zance ne ba ta ji farkonsa ba.

Gaskiya ne B ya fi yawa a tsakanin maza masu neman maza a Turai da Amurka, amma dalilin tarihi ne. Nau'in ya bi ta Haiti ya shiga birnin New York wajen 1970, ya faɗa cikin jama'ar da ke cuɗanya da juna, ya yaɗu shekaru kafin a gano cutar a 1981. Wanda ya riga shiga kasuwa shi ke kama rumfa. Shi dai wannan B ɗin ne ya kama masu tsira wa kansu allurar maye, da waɗanda aka ƙara wa jini a wancan zamani, da mata masu yawa. A tsibiran Karebiyan tsakanin mata da maza yake yawo. A Sin kuwa, nau'o'in da suka fi yawa a tsakanin maza masu neman maza su ne CRF01_AE da CRF07_BC, ba B ba. A Najeriya G da CRF02_AG ne suka mamaye, kuma su ɗin ake samu a jinin mai neman mata da mai neman maza. Ƙwayar ba ta zaɓen hali, wanda ke kusa take bi.

Iyakar abin da zan iya cewa, ya fi kama da a can Turai ya ɗauka. Wannan kuma shi da bakinsa ya riga ya faɗa miki. Gwajin ma ba don bin sawun mutum ake yin sa ba, ana duba ko ƙwayar ta bijire wa wani magani ne. Magungunan yanzu, irin haɗin da ke da dolutegravir, suna aiki kan B da C da G duka. Wanda ke da bambanci na gaske shi ne HIV-2, wani jinsin HIV na daban da ke Afirka ta Yamma, wanda magungunan efavirenz da nevirapine ba sa cin sa.

Ɗan'uwa daga Rotterdam:
Batun namu na Holan, VB sunansa, reshen B ne. A 2022 aka sanar da shi, an same shi a jikin mutum 109, kusan dukansu a ƙasar nan, akasari maza masu neman maza. Yana tara ƙwayoyi a jini ninki uku da rabi zuwa biyar da rabi, garkuwar jiki kuma ta zube da sauri ninki biyu. Sai dai da suka fara magani sun farfaɗo kamar kowa, kuma tun wajen 2010 yaɗuwarsa ke raguwa. Kada ki ɗora wa kanki wannan.

Uwargida mai shan magani:
Ƙanwata, shekara tara ina haɗiyar maganina kowane dare, mijina har yau ba shi da cutar, mun haihu biyu bayan haka. Ban ma taɓa tambayar nau'ina ba. Lambar da za ki riƙa bibiya ita ce yawan ƙwayar a jininsa. Idan ta sauka har na'ura ba ta ganin ta, ta kuma zauna haka wata shida, ba zai sa miki ba ta hanyar kwanciya. Kafin nan ku riƙe kwaroron roba, ko ki nemi maganin kariya da ake kira PrEP, kyauta ne a asibitocin Ingila. A duba ku ciwon sanyi da ciwon hanta ma. Zancen amana kuma daban yake, ko mace ce ko namiji ya ci ta, kina da ikon yin fushi. Amma in kika tsare shi da takarda a hannu kamar alƙali, abin da nake tsoro ya daina zuwa asibiti, na ga waɗanda kunya ta sa suka jefar da magani.

Maman Tagwaye:
To Allah ya huci zuciyarku, ban san haka abin yake ba. Amma ni har yanzu da sauran tambaya a bakinsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambayar tana nan, zan yi masa ita idan na samu natsuwa. Ranar Talata zai ga likita, na ce zan bi shi in ji lambar da kunnena, in kuma yi maganar PrEP ɗin. Yanzu ƙawar tawa ce damuwata. Ni na nuna mata takardar da hannuna, ga shi ta san 'yan gidanmu a Zariya kaf.