Takin tana a cikin bido: abin da muka gani a Maraɗi

Mai lambu, Jiratawa: Salamu alaikum. Don kiwon tanar da ke cin ɓawo da ganye ta mayar da su taki, bidon mai (jarka) na lita 25 ya wadatar. A wanke shi da omo da ruwan zafi har maiƙon ya fita, a kwantar da shi, a yanke faffaɗan gefen. Tana ba ta son zurfi, faɗi take so. A huda ƙasan da ƙusa mai zafi wuri 20, a ɗora kan bulo biyu, a sa tsohuwar roba ta tari ruwa. Shimfiɗa santimita 15: jiƙaƙƙen kwali, busasshen ganye, da kashin shanu da ya yi sati uku yana hucewa. Ɗanye zafi yake yi, dafa tanar zai yi.

Hajiya mai zogale: Malam, ba ka faɗi irin tanar ba. Wadda ake tonowa can cikin ƙasa ba ta zama a bido, gudu take yi. A nemi jar nan mai yawo ƙarƙashin tulin taki mai laima, bakin Gulbi da damina.

Na Tibiri: Gaskiyarki Hajiya. Amma bazara ce babbar matsala. Zafin shimfiɗa in ya wuce digiri 35 mutuwa suke yi, mu kuwa Afrilu da Mayu 40 ba labari ba ne. Bido ƙarƙashin kwano kabari ne. Inuwar bedi, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a yayyafa ruwa safe da yamma. Tsohuwar randa da ta tsage ma ta fi bido sanyi, kuma tsagar na tsiyayar da ruwa.

Mai lambu: Gwajin laima: ka damƙi shimfiɗar ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu. In ya zuba, ƙara busasshen kwali. Wari alamar abinci ya yi yawa ne ko iska ta kasa shiga. A dakata sati guda.

Hajiya mai zogale: Ɓawon kankana, ganyen salati, tukar shayi, duk suna ci, a binne a kusurwa ɗaya saboda ƙuda. Ban da sauran miya, gishiri da tonka na ƙone musu fata. Cinnaka kuma, a tsoma gindin bulon cikin farantin ruwa. Kaji fa? Ragar waya a kai, ko ku yi musu walima.

Na Tibiri: Wata biyu zuwa uku takin ya yi baƙi kamar garin shayi. A juye kan buhu da hantsi, a yi tsibi-tsibi, tanar ta nutse ƙasa gudun haske, a riƙa kwashe saman.