Tambaya: Yaya zan tsara ayyukan ofis a kwamfuta ba tare da dogaro da intanet ba?

Sakataren Makaranta:

Assalamu alaikum. Ina aikin sakatare a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma duk abin da ya shafi rubutu a kaina yake sauka: wasiƙun iyaye, jerin waɗanda suka biya kuɗin makaranta, takardun sakamakon jarrabawa, da tuna wa shugaban makaranta alƙawuran da ya ɗauka. Wasu ayyukan a guntayen takardu nake rubuta su, wasu a Sticky Notes (manhajar ƙananan rubuce-rubuce ta Windows), sauran kuwa da ka nake riƙe su. A makon jiya wasiƙar taron iyaye da malamai ta fita da ranar da ba ita ba ce, domin fayil uku ne a kwamfutar masu kusan suna ɗaya, sai na buga tsohon. Kwamfutar tana da Windows 10 da Office, intanet sai na haɗa ta da wayata, wutar lantarki kuma kun san halinta. Wace manhaja za ku ba ni shawarar in kama?

Tsohon Akawu:

Wa'alaikumus salam. Malam, a ganina ba sabuwar manhaja kake buƙata ba, abin da ke damunka shi ne ayyukanka sun warwatsu wuri uku. Ka tattara su a shafin Excel guda ɗaya mai ginshiƙi biyar: aikin, wanda ya ba ka shi, ranar da ya bayar, ranar da ake buƙatarsa, da inda aka kwana. Duk wanda ya leƙo ofis ya ce maka "don Allah a yi mini kaza", ka shigar da shi tun bai juya baya ba. Idan ka danna Ctrl tare da waƙafi mai ruwa, Excel zai rubuta maka kwanan watan yau da kansa; Ctrl da Shift da L kuma za su ba ka damar tace jerin, ka ga ayyukan shugaban makaranta kaɗai ko waɗanda ba a gama ba kaɗai. Daga baya ka koyi Conditional Formatting, wato tsarin da ke sauya launin layi bisa wani sharaɗi, ka kafa ƙa'ida da =TODAY() yadda duk aikin da ranarsa ta wuce zai koma ja.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, domin na ga ya ruɗa mutane da yawa. Idan an saita kwamfutar a tsarin Amurka, wata ne ke gaban rana, saboda haka 03/04 da ka rubuta da nufin 3 ga Afrilu za ta ɗauke shi 4 ga Maris, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Ka gyara wannan a saitin yanki na Windows kafin ka fara. Sannan kada ka goge aikin da ka kammala, ka rubuta "an gama" kawai, domin ranar da wani zai ce bai taɓa karɓar takardarsa ba, wannan layin ne shaidarka.

Malamar Kwamfuta:

Baba Akawu, da girmamawa, zan ɗan saɓa maka. Excel ma'aji ne mai kyau, amma ba ya magana. Idan Malam bai buɗe shi ba, ba zai tuna masa cewa ƙarfe goma akwai taro ba. Ayyukan da ke da lokaci tsayayye da waɗanda ke maimaituwa, kamar rahoton ƙarshen wata, wurinsu kalanda. Thunderbird manhajar imel ce ta kyauta, tun fitowa ta 78 a shekarar 2020 kalanda da jerin ayyuka suke haɗe a cikinta, kuma ana iya ƙirƙirar kalandar da ke zaune a kan kwamfutar kanta ba tare da intanet ba. Sharaɗin kawai shi ne a bar ta a buɗe, in ba haka ba tunatarwar ba za ta fito ba.

Akwai kuma Microsoft To Do, wadda ke daidaita jerin da wayarka idan ka samu intanet, sai dai tana buƙatar asusun Microsoft. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne sashen My Day, wanda ke wayar gari babu komai, dole ka zauna ka zaɓi abin da za ka yi a ranar. Duk da haka ba na son mutum ya jingina aikinsa baki ɗaya ga irin waɗannan manhajoji. Masu amfani da Wunderlist, wata manhajar jerin ayyuka, sun gani: Microsoft ta saye ta a 2015, aka rufe ta a watan Mayun 2020, kowa ya kwashe jerinsa zuwa wani wuri.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Ni maganar fayil uku ce ta tsaya mini, domin ita ce ta jawo kuskuren, kuma babu jerin ayyukan da zai magance ta. Malam, ka daina sa suna irin "wasiƙa sabuwa" ko "ta ƙarshe". Ka fara kowane suna da shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14 wasiƙar taron iyaye. Da zarar ka jera fayiloli bisa suna, za su bi juna daga tsoho zuwa sabo. Saboda ɗauke wuta kuma, Word yana adana kwafin ceto duk bayan minti 10, ka shiga saitinsa ka rage zuwa 2 ko 3, kuma kowace Juma'a ka kwafe komai a filasha. Ka kuma sanar da hukumar makaranta cewa tallafin Windows 10, wato sabuntawar tsaro ta yau da kullum da Microsoft ke aikowa, ya ƙare tun 14 ga Oktoba, 2025, alhali bayanan ɗalibai da na kuɗi suna kan wannan kwamfutar.

Tsohon Akawu:

Malama, na karɓi gyaranki a kan kalanda. Roƙona dai kada aiki ɗaya ya zauna a wuri biyu: mai sa'a tsayayya ya tafi kalanda, sauran su zauna a Excel.

Sakataren Makaranta:

Allah Ya saka muku da alheri. Na duba saitin, kuma lallai a tsarin Amurka yake, na gyara. Na buɗe shafin na shigar da abin da ke kan guntayen takardun, na tarar biyu daga ciki ranarsu ta riga ta wuce. Malama, idan na sauke Thunderbird ta hanyar wayata, shin dole ne in haɗa ta da adireshin imel kafin kalandar ta yi aiki?