Neman shawara: ko in biya kuɗin atisayen 'yan sama jannati da filin mahaifina?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum, iyaye da yayyena na wannan zaure. Na kammala digirin farko a fannin injiniyan lantarki, na gama hidimar ƙasa, kuma burina tun ina sakandare shi ne in yi aiki a harkar binciken sararin samaniya, idan Allah Ya nufa har in zama 'yar sama jannati. Kwanakin baya na nemi gurbi a wata cibiya mai zaman kanta a Turai wadda ke rufe mutane kaɗan a wani gini na tsawon mako biyu, su rayu tamkar suna kan duniyar wata: abinci busasshe, ruwa a ƙididdige, babu waya, kuma babu fita sai cikin kaya irin na 'yan sama jannati. Sun karɓe ni, sai dai ni zan biya kuɗin shiga da na jirgi da na biza, kuma jimillar ta kusa abin da zan kashe a digiri na biyu. Mahaifina ya ce a shirye yake ya sayar da wani filinsa. Ina son sanin ko takardar shaidar da za su ba ni tana kusantar da mutum ga zuwa sararin samaniya da gaske, da kuma yadda zan yi da salla a irin wannan wuri.

Amsa daga wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya yi wa mahaifinki albarka, amma ki roƙe shi ya dakata da sayar da filin. Irin wannan atisaye kamar bitar alhazai ne: ana gina siffar Ka'aba, a koya wa maniyyata ɗawafi, su ƙaru ƙwarai, amma halartar bita ba ita ke ba mutum kujera ba.

Hukumomin da ke ɗaukar 'yan sama jannati suna da sharuɗɗansu, kuma babu takardar wata cibiyar kwaikwayo a ciki. Hukumar NASA 'yan ƙasar Amurka kaɗai take ɗauka, tana neman digiri na biyu a kimiyya ko injiniya ko makamancinsa tare da gogewar aiki, kuma a 2021 mutum 10 ta zaɓa daga cikin sama da 12,000. Hukumar Turai ta ESA ta karɓi takardun mutum sama da 22,000, a 2022 ta fitar da 5 a matsayin cikakkun 'yan sama jannati, dukkansu daga ƙasashen da ke cikin hukumar. Ke nan abin da ya fi tare miki hanya a yau shi ne fasfo da matakin karatu, kuma mako biyu a rufe ba zai sauya ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na san za a kawo miki misalan waɗanda suka yi irin wannan zama suka kuma je sama, don haka gara ki san yadda abin ya kasance. Jessica Watkins ta yi zama a tashar kwaikwayon duniyar Mars da ke hamadar jihar Utah tun tana ɗaliba, amma lokacin da NASA ta ɗauke ta a 2017 tana da digirin digirgir a kimiyyar duwatsu. Sian Proctor ta yi wata 4 a sansanin HI-SEAS na Hawai a 2013, sai a 2021 ta tashi, kuma a tafiyar da wani attajiri ya ɗauki nauyinta. Sara Sabry 'yar Masar, wadda labarinta ya fi kusa da naki, ta yi mako biyu a sansanin LunAres na Poland a 2021, a 2022 ta hau kumbon kamfanin Blue Origin a tafiyar da ba ta wuce minti goma sha kaɗan ba, bayan wata ƙungiya ta zaɓe ta; ita ma a lokacin tana da digiri na biyu a injiniya. Dukkansu karatu ne ya yi musu jagora, atisayen ƙari ne a kansa.

Amsa daga wata likita:

Ƙanwata, ina goyon bayan Malam, kuma zan ƙara da abin da ya shafi fannina. Manyan gwaje-gwajen da kike jin labarinsu an shirya su ne domin a yi nazarin mutanen da ke ciki, wato su ne abin binciken. A Mosko an rufe maza 6 tsawon kwana 520, daga Yunin 2010 zuwa Nuwambar 2011, a gwajin Mars-500, kuma abin da aka gano shi ne yadda motsinsu ya yi ta raguwa, barcin yawancinsu ya rikice, har jikin ɗaya daga cikinsu ya koma bin yini mai sa'a 25, yana barci lokacin da abokansa ke aiki. A Houston kuwa, mutum 4 sun yi kwana 378 a gidan gwajin CHAPEA na NASA, suka fito a Yulin 2024, kuma an riƙa jinkirta saƙonsu har zuwa minti 22 kafin ya isa, kamar yadda zai kasance tsakanin Mars da duniyarmu. Ki kwatanta a ranki famfon ruwa ya lalace, kin aika tambaya, amsa ba za ta dawo ba sai bayan kusan minti 45, alhali abokiyar aikin da kuka saɓa da ita da safe ita ce kaɗai za ta riƙe miki fitila. Wannan shi ne ainihin darasin: haƙuri da mutane, da yanke shawara ba tare da jiran na sama ba. Rashin nauyin jiki da hasken da ke cutar da ƙwayoyin halitta a sararin samaniya kuwa, irin wannan zama a rufe ba zai kwaikwaye su ba.

Idan har za ki je, ki tambaye su a rubuce ko akwai likita a kusa, da nisan asibiti, da inshorar da za ta rufe ki, da kuma ko wani kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da gwaje-gwajen da za a yi a jikinki. Ba tsoratarwa nake yi ba. A 2018 an dakatar da wani zama a HI-SEAS cikin 'yan kwanaki da farawa saboda lantarki ya ja ɗaya daga cikin mahalarta, kuma a lokacin jami'a ce ke kula da sansanin da kuɗin NASA.

Amsa daga wani ɗan'uwa:

Game da salla, Malama, al'amarin da sauƙi tunda a ƙasa kike: alƙibla sananniya ce, lokutan salla na garin ne. Matsalar da za ki iya fuskanta ita ce wasu sansanonin ba su da taga, wasu kuma suna sauya agogon ciki da gangan, don haka ki nemi a bar miki hanyar sanin lokacin waje, a kuma sanya ruwan alwala cikin rabonki tun kafin a rufe ƙofa. Kada ki yanke wa kanki hukuncin taimama ba tare da kin tambayi malamai ba. Ki kuma tambayi abin da ke cikin abincin da tsarin makwancin maza da mata. Musulmi sun riga ki: Saleh Al Ameri na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata 8 a gwajin SIRIUS na Mosko daga 2021 zuwa 2022.

Amsa daga wani injiniya:

Da izinin Malam, ni ba na son a rage mata ƙarfin gwiwa gaba ɗaya. Wuraren nan suna da amfani ga wanda ya shiga da aiki a hannunsa. Ƙungiyar binciken sararin samaniya ta Ostiriya ta gwada kayan sawa da na'urori a hamadar Moroko a 2013 da ta Oman a 2018, kuma jami'o'i ne suka aika gwaje-gwajensu. Ke da kika karanta lantarki, kina iya tsara ƙaramin bincike a kan yadda ƙura ke rage ƙarfin farantan sola da yadda za a raba wutar batir idan ta yi ƙaranci. Ƙura ce ta kawo ƙarshen na'urar Opportunity a 2018 da InSight a 2022 a duniyar Mars, kuma duk wanda ya share farantin sola a lokacin hunturu ya san matsalar da idonsa. Mai irin wannan bincike yana da abin da zai nuna wa jami'a ko kamfani ya nemi tallafi, kuma idan ya fito yana da sakamakon da zai wallafa. Ki rubuta wa cibiyar ki tambaya ko za su ɗage miki gurbin, da kuma jerin binciken da aka wallafa daga zaman da suka yi a baya. Idan suka kasa nuna ko ɗaya, kin san yawon buɗe ido suke sayarwa.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku, mun tsaya a kan cewa ba za a taɓa filin ba, zan fara neman gurbin digiri na biyu, kuma yau zan aika wa cibiyar tambayoyin Likita da na Injiniya. Injiniya, idan ba damuwa, ina roƙon ka duba mini tsarin binciken ƙurar idan na rubuta shi kafin in kai wa wanda zai duba aikina a jami'a.